Ɗiyar Mahauci Ta Aje Aikin Banki

Assalamu alaikum, jama'ata. Ku gyara zama, don abin da ke bakina yau ya fi ƙarfin in haɗiye shi ni kaɗai. Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni, sunana Bushra, 'yar Talata Mafara gaba da baya, ɗiyar Ɗan Asabe mai kilishi, wanda in ka shigo kasuwarmu ba sai ka tambayi rumfarsa ba, hancinka zai kai ka. Shekara uku ina aiki a wani ƙaramin banki da ke bakin titi, ina zaune bayan gilashi ina shan sanyin esi, ga kati rataye a wuya kamar wata babba. To, na aje aikin.

Ba korata aka yi ba, kafin wata ta fara tsegumi. Da ƙafata na shiga ofishin manaja na ce masa na gode.

Bari in koma baya kaɗan. Ni asalin karatuna difloma ce ta lafiyar dabbobi, a Bakura na yi ta. Da na gama, aikin fannin bai samu ba, sai na banki ya faɗo, aka yi ta guɗa a gidanmu kamar an kawo lefe. Amma kun san hali zanen dutse. Kafin in shekara labari ya zaga kara, wato kasuwar shanu, cewa yarinyar da ke taga ta biyu ta san ciwon bisa. Sai ka ga layina ya kai bakin ƙofa, na abokan aikina kuwa mutum biyu ko uku. Dattijo zai turo takardar cire kuɗi ta ƙarƙashin gilashi, ya sunkuyo ya rage murya:

"Ɗiyata, tunkiyar nan tawa ta bar cin dusa, hancinta sai yoyo."

Ni kuma maimakon in ce Baba nan banki ne, sai in ji bakina yana tambayar ko tana tari. Manajanmu, Malam Anwar, ya taɓa tsayawa a kaina ya ce, "Bushra, wai nan banki ne ko turke?" Na ba shi haƙuri. Bayan an tashi ya kira ni gefe, wai ragon matarsa yana ɗingishi.

Duk wannan wasa ne. Abin da ya juya min tunani ya faru bara. Baba yana da wata farar saniya da ya raɗa wa Amarya. Mutumin da sana'arsa yanka ce, amma wannan ko dillali ya kalle ta sau biyu sai ransa ya ɓaci. Haihuwa ta zo mata a gicciye. Na dawo daga aiki na tarar da ita kwance, na cire takalmi na naɗe hannun riga na yi duk abin da aka koya min, ɗan ya ƙi juyawa. Na san tiyata take buƙata, na kuma san ilimina bai kai can ba. Likitan da muka samu a waya yana Gusau. Kafin ya kamo hanya numfashinta ya fara sarƙewa, dole Baba ya sa mata wuƙa da hannunsa don kada ta tafi mushe. Ya wanke wuƙar, ya zauna kan turmi ya daɗe yana kallon turken.

A makon na fara neman gurbin karatun likitan dabbobi a jami'a, can Sakkwato. Bana suka ɗauke ni. Shekara biyar, kuma ba irin karatun da ake haɗawa da aiki ba ne.

Da na faɗa wa Inna Larai, mahaifiyata, tana tsince shinkafa ne. Ta aje faifan a hankali, ta dube ni, ta ɗauki waya ta kira Maradun. A gidanmu in aka kira Maradun, to magana ta girma, don can Gwaggo Jidda take, yayar Baba, wadda ko limamin unguwarsu sai ya shirya kafin ya ja da ita. Washegari kafin azahar ta sauka daga mota da ƙullin kayanta da ƙaton mayafi ruwan goro, ko ruwa ba ta sha ba ta fara.

"Ke Bushira, mi nika ji? Mutane na neman hanyar hita daga cikin kashin shanu, ke Allah ya hisshe ki, ya aje ki cikin sanyi, kin ce ke sai kin koma?"

"Gwaggo, likita fa zan zama."

"Likitan wa? In an ce likita, a ce na wa, ki ce na akuya?"

Na ƙunshe dariyata, don in ta fito na shiga uku. Baba yana gefe kan tabarma yana gyara carbinsa. Ya ɗago ya ce, "Ta yi istihara?" Na ce na yi. Ya ce, "To mi ya rage?"

Gwaggo ta juya gaba ɗaya ta fuskance shi. "Mas'udu ya rage."



Mas'ud ɗan Bakura ne, sana'arsa haɗa wutar sola. Shi ya sa mana ta banki, kuma tun daga ranar batiranmu suka kamu da wata irin cuta da ba ta tashi sai ya zo dubawa duk mako. Sai da Malam Anwar ya ce masa, "Malam, in yarinyar kake so ka je gidansu, ka bar mana batir ya huta." Dogo ne, baƙi, mai ɗan saje, ga iya ɗaura hula. In yana magana sai ka rantse bai taɓa fushi ba. Ya gaida Baba, Baba ya ce ya turo, manyansa kuma suna shirin zuwa a sa rana. Ya san na nemi makarantar, amma yanzu na gane a ransa ya ɗauka irin burin nan ne da ake faɗa a hira a wuce.

Da yamma saƙonsa ya shigo.

"Likitar awaki, da gaske kin aje?"

"Na aje."

"Har kin miƙa musu katin?"

"Har igiyarsa."

Ya turo fuskar nan mai dariya da gumi a goshi. Can kuma sai ga wani: "Hajiya za ta shigo Mafara ran Asabar barkar haihuwa. Ta ce za ta biyo ta gan ki."

Hajiya Kaltumi, mahaifiyarsa, tsohuwar shugabar makarantar firamare ce. Wasu iyayen kunya suke ji su tura ƙanne ko aminai su gano musu yarinya. Ita ba ta aike, da idonta take gani.

Ya ƙara turowa: "Don Allah Bushra, kada ki tada maganar makaranta. A bari a sa rana tukun, ni zan lallaɓa ta."

"Me ka ce mata ina yi?"

"Aikin banki. Ai lokacin gaskiya ne."

"Baba fa? Me ka ce mata yana yi?"

Na ga alamar yana rubutu. Ta ɓace. Ta dawo. Ta sake ɓacewa. Har na tashi na zuba wa tumaki ruwa na dawo, sannan na tarar da kalma biyu:

"Ɗan kasuwa."

Ku da kuka san ƙasarmu ba sai na yi muku dogon bayani ba. Mutane za su ci naman su lashe yatsa, su yi tsaraba da shi har Abuja, amma ranar da aka zo maganar aure sai ka ji ana raɗa, ai gidan pawa ne, 'ya'yan mahauta. Ban taɓa jin kunyar gidanmu ba. Da kuɗin tsire da kilishi aka saya min littafin farko. Amma ranar na gane aikin bankin nan ba albashi kaɗai yake ba ni ba, wani mayafi ne aka lulluɓa min, ni ban ma sani ba.

Da Gwaggo ta ji Hajiya za ta zo, sai ta karɓe mulkin gidan. Gadajen kara da ake shanya kilishi a tsakar gida ta sa aka kwashe zuwa maƙwabta. Tukwanen kwaɓin ƙuli da yaji aka tura ƙarƙashin gadon Inna. Aka wanke siminti da omo har sau biyu. Turaren wuta kuwa ta banka shi har kyanwarmu ta yi hijira. Ta zaɓar min atamfa shuɗiya mai zanen ganye, ɗinkin riga da siket, da farin mayafi mai ɗan duwatsu a baki, ta ce in ɗaura agogo.

"Gwaggo, agogon ya mutu."

"Ɗaura shi hakanan. 'Yan banki da agogo anka san su."

Inna dai tana ta dama fura, ba ta ce a yi ba, ba ta ce a bari ba.

Ran Asabar bayan la'asar Hajiya ta iso, ita da wata ƙanwarta. Hajiya Kaltumi doguwa ce kamar ɗanta, cikin farin leshi mara hayaniya, da tabarau a karan hanci. Ta saman tabarau ɗin take kallon mutum, irin kallon da ke sa ka tuna ko ka yanke farce. Aka shimfiɗa darduma a ɗakin Inna, aka shiga gaisuwa. Ina wuni, ina gajiya, ya hanya, ya mutanen Bakura, ya mai jego, ya ruwa, ya muka ji da zafi. Aka kai ƙarshe aka sake ɗaukowa daga farko. Ni ina durƙushe bakin ƙofa, ƙafata ta fara sanyi.

"Matso nan, Bushra," in ji ta. Na matsa. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ɗan yi murmushi. "Ya aikin? Mas'udu ya ce wani lokaci har yamma liƙis kuke kaiwa."

"Aiki sai godiya," Gwaggo ta cafe. "Ai ɗiyar ga tamu, manajansu ba shi da kamarta."

Na sunkuyar da kai ina wasa da mataccen agogona. A raina ina cewa, Bushra, yi shiru na yini ɗaya, me zai ci miki? Kuma wallahi na so in yi shirun. Ina son Mas'ud, ba zan yi muku ƙarya ba.

Sai muka ji sallamar Baba a tsakar gida.

Ashe babu wanda ya tuna ya saka shi cikin shirin, ko kuma an saka shi ya yi kamar bai ji ba. Har yau ban tambaye shi ba. Daga kasuwa yake, da tsohuwar rigarsa ta aiki mai ɗigon mai a gaba, da ƙunshi a takarda. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya rusuna, suka gaisa da Hajiya cikin girmamawa, sannan ya miƙo min ƙunshin.

"An ce muna da baƙi daga Bakura. Ga wanga a taɓa, na yau na, da hannuna na gasa shi."

Ƙanshin kilishi ya tashi ya danne turaren Gwaggo kaf.

Hajiya ta ce, "Kai kaka yi, Malam?"

"Sana'ata ke nan, Hajiya. Gadon ubana ta, shi ma ya gada. Ko'ina cikin kasuwa kika ce Ɗan Asabe mahauci, za a kawo ki."

Ya faɗe shi kamar yadda mutum ke faɗin sunan garinsu. Ya yi musu sai an jima ya wuce alwala. Na bi bayansa da kallo, na dubi agogon hannuna, sai na ji wata irin kunya ta rufe ni, ba irin wadda Gwaggo ke tsoro ba. Na kwance agogon na aje kan darduma.

"Hajiya, ki gafarce ni. Na bar aikin banki. Na samu karatun likitan dabbobi a Sakkwato, kuma ina son in tafi."

Gwaggo ta kama tari. Ƙanwar Hajiya ta tsaya da ludayin fura a hanya.

"Shekara nawa?" in ji Hajiya.

"Biyar."

"Mas'udu ya sani?"

"Ya sani."

Ta cire tabarau, ta goge da bakin mayafi, ta mayar. Ba ta ƙara tambayata komai ba. Ta juya wajen Inna ta yaba furar, suka ɗan taɓa hirar tsadar gero, ta ce yamma ta yi, hanya kuma sai da ido. Da za ta tashi ta ɗauki ƙunshin kilishin ta saka a jaka, ta yi godiya, suka fita.

Kafin ƙurar motarsu ta kwanta an buɗe zaman fassara. Inna ta ce tunda ta ɗauki kilishin, da sauran magana. Gwaggo ta ce wannan tarbiyya ce kawai irin ta malaman makaranta, ko guba ka ba su sai sun ce an gode. Ta dube ni ta ce, "Ke kuma bakinki kamar ƙofar kasuwa." Daga nan ta buɗe wani ƙunshin da Baba ya aje mata ta hau ci.

Da magariba ta wuce Mas'ud ya kira. Karon farko da na ji muryarsa babu wasa a ciki.

"Abu ɗaya na roƙe ki, Bushra."

"Ni ma abu ɗaya zan tambaye ka. Kunyar Baba kake ji?"



"Ba kunya ba ce. Tsoro ne. Na san Hajiya, na san danginmu. Na so su san ki tukun, su so ki, sannan sauran ya biyo baya."

"Su so wa? Yarinyar taga ta biyu? Ai ta tashi."

"Shekara biyar fa, Bushra."

"Ban ce sai na gama za a yi ba. Ana aure ana karatu. Amma ba zan shiga gidanku da rigar aro ba."

Ya ja numfashi. Ya ce tunda Hajiya ta dawo ba ta ce masa uffan ba, ta dai dube shi ta saman tabarau ta shige ɗaki, kuma shi da ta zage shi ya fi masa sauƙi. Muka yi sallama sama-sama.

Kwanakin da suka biyo baya wayata ta zama kamar ta Gwaggo, ba mai kira sai kamfani. In na leƙa sai in ga yana kan layi, shi ma na san yana ganina, kowa ya riƙe nasa. Na yi kukana a bayan ɗaki wajen tumaki, inda ba mai tambayata dalili. Wata safiya Inna ta same ni can, ta tsaya tana kallona, ta ce, "Ni hwa ba karatun nika ƙi ba. Hanyar nika tsoro, da kuma a ce ɗiyata ta rasa miji saboda mu." Na ce, "Inna, wanda zai bar ni saboda ku, ai gara ya bari tun yanzu." Da rana sai na ga ta hau daka yaji, ta soya dambun nama cike da roba, ta ƙulla min kuka da daddawa. Gwaggo da za ta koma Maradun ta ciro sabon zanen gado daga ƙullinta ta jefa min a cinya. "An ce katifun makaranta duk kuɗin cizo. Kada ki ce na yarda, ban yarda ba."

Ranar tafiya rajista Baba ya raka ni tasha da sassafe. Na sa doguwar riga baƙa da hijabi ruwan toka, babu kwalliya sai kwalli. Ya ɗora akwatina a but ɗin mota da kansa, ya yi min addu'a mai tsawo, sannan ya leƙo ta taga.

"In kin zama likita, ni na farko a layi. Kuma ba ni biya."

Na yi dariya hawaye na zuba. Mota ta cika sai kujera ɗaya, ta kusa da ni. Wani mai buhun albasa ya so shiga, direba ya ce an kama ta, a mararrabar Lambar Bakura za mu ɗauki mai ita. Na ji daɗi, na baje jakata a wurin.

Mun fita gari kenan, gonakin shinkafa sun fara wucewa, sai waya ta yi motsi. Mas'ud.

"Allah ya kiyaye hanya, likita. Na yi kuskure a kan Baba, zan je in same shi da kaina."

Ina cikin karantawa karo na uku wani saƙon ya shigo: "Wai ko kin ji wani abu? Hajiya ta fita tun da safe, ba ta faɗa wa kowa inda za ta ba."

Ban kai ga ba shi amsa ba direba ya rage gudu ya gangara gefen titi. Na ɗaga kai. A ƙarƙashin wata bishiya, kusa da masu sayar da rake, ga wata doguwar mata tsaye da jaka a hannu da tabarau a karan hanci. Direba ya fito da gudu har yana cire hula, ya buɗe mata ƙofa yana "Sannu Malama, sannu Malama."

Ta dubi jakata da ke kan kujerar. Na janye ta da sauri har dambun ya kusa zubewa.

Ta zauna, ta gyara mayafi, ta amsa gaisuwar mutanen mota ɗaya bayan ɗaya. Ni kam da kyar na haɗa ina kwana.

"Lahiya lau. Likitan ido za ni gani Sakkwato," in ji ta. "Rabin direbobin tashar ku ni na koya musu karatu, ba wuya a gano motar da kika shiga." Mota ta hau kwalta, ta ci gaba. "Sa'ad da na so tahiya makarantar horon malamai, uwar mijina ba ta tambaye ni komai ba, hukunci kawai ta yanke, sai da na shekara huɗu ina roƙo. Na yi alkawari ni in nawa lokacin ya zo sai na tambaya. Ban ce na yarda ba. Dangina na da baki, kuma ni za su ci da shi, ba ke ba. Daga nan zuwa Sakkwato, ki ba ni abin da zan ce musu."

Wayata ta hau ruri a cinyata, sunan Mas'ud ɓaro-ɓaro a fuskarta. Hajiya ta leƙa ta saman tabarau.

"Kashe ta," ta ce. "Shi ya yi nashi bayanin, ya faɗi jarrabawar. Ke nika saurare."

Na kashe. Na gyara zama, na yi bisimilla a zuci, na fara.